Neman kalma: ƙasar da babu namiji a cikinta, me za mu kira ta?

Assalamu alaikum. Masu kishin Hausa, yau ni ke da buƙata.

Ina haɗa shirin rediyo na rabin awa a nan Bauchi, a kan wani labari da al'ummomi da yawa suke da irinsa: wai can wani wuri akwai ƙasar da mata zalla ke zaune, su ne sarakai, su ne mayaƙa, su ke noma su ke kiwo, namiji bai isa ya zauna a cikinta ba. Turawa suna da kalma guda da suke yafa wa irin waɗannan mata, wato Amazon. Kwana uku ke nan ina neman abin da zan faɗa a madadinta, wanda tsohuwa mai sauraro a Tirwun ko Liman Katagum za ta ji ta gane ba sai na tsaya dogon sharhi ba. Har yanzu ban samu ba.

Da farko na so in bar ta yadda take. Ɗan yayata ne ya hana ni. Ya ga kalmar a takardata, ya ce, "Kawu, shirin sayayya a intanet za ka yi?" Bai yi kuskure ba. Kamfanin ya ari sunan ne daga babban kogin Kudancin Amurka, kogin kuwa daga mata ya samo shi. A 1542 wani Basifaniye, Francisco de Orellana, ya bi kogin da jirgi har bakin teku. Limamin cocin da ke tare da shi, Gaspar de Carvajal, ya rubuta cewa a wani artabu da suka yi da mutanen wurin sun ga dogayen mata da kwari da baka a sahun gaba. Sai suka tuna wani tsohon labarin Girkawa, sunan ya bi kogin har yau. To kalmar da ke nufin kamfani, da kogi, da daji, da mata, in na furta ta a rediyo kowa da abin da zai ji.

Bari in ba ku abin da nake son kalmar ta ɗauka, don kada a ba ni wadda ba za ta iya kayan ba.

Girkawa sun ce matan suna zaune a bakin wani kogi da ke arewacin Turkiyya ta yau, a gaɓar Bahar Aswad, wurin da yanzu ake kira Terme. Herodotus, marubucin tarihinsu na ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya ce makiyayan Sitiya, na arewacin Bahar Aswad, suna kiran su Oiorpata, ma'ana masu kashe maza, kuma a cikin jikokinsu budurwa ba ta aure sai ta kashe abokin gaba a fagen fama. Strabo, wani marubucin nasu da ya zo bayansa, ya kawo cewa wata biyu a shekara suke hawa wani dutse su sadu da mazan maƙwabta cikin duhu. In an haifi mace su riƙe, in namiji ne a miƙa wa mazan. Akwai kuma zancen cewa suna ƙone nonon dama don jan baka, wai ma'anar sunan ke nan. Wannan fassara ce da aka ƙaƙaba wa kalmar daga baya, kuma zane-zanen Girkawan da sassaƙe-sassaƙensu duk da nono biyu suke nuna su. Don haka kada wani ya kawo mini "marasa nono".

Mu ma littattafan da ke cikin gafakar malamanmu ba su rasa irinsa ba. Alƙazwini, wanda ya rasu a 1283, ya kawo labarin Madinatun Nisa'i, wato birnin mata, daga bakin matafiyi Aɗɗurɗushi: babban birni a wani tsibiri, maza ba su da iko a kan matansa, suna hawan dawaki suna yaƙi da kansu. Suna da bayi maza, kowane bawa ya je wa uwargijiyarsa da dare ya sulale kafin alfijir. Wadda ta haifi namiji ta kashe shi nan take, wadda ta haifi mace ta raine ta. Marco Polo, matafiyi ɗan Italiya, ya ce akwai tsibirai biyu, na maza da na mata, mazan suna ƙetarawa wata uku a shekara, yaro ya zauna wurin uwarsa har ya tasa sannan a aika shi wurin ubansa. Ku riƙe mini wannan na ƙarshe, zan dawo kansa. Japanawa suna da tsibirin da iska ke yi wa mata ciki. Jihar Kalifoniya ma sunanta daga wani ƙagaggen labarin Sifaniyanci na wajen 1510 ya fito, labarin tsibirin baƙaƙen mata mayaƙa da sarauniyarsu Kalafiya.

Kuma kullum wurin yana bangon duniya. Da zarar matafiya sun isa inda aka ce yake ba su tarar da kowa ba, sai a matsar da shi gaba: daga Bahar Aswad zuwa duwatsun Kaukasus, zuwa tekun Indiya, zuwa Amurka.

Shi kansa labarin, hikaya zan kira shi. Tatsuniya ba ta yi ba, domin mai tatsuniya da mai sauraro duk sun san da ƙurunƙus za a rufe, su kuwa waɗannan mutane da gaske suke. Na san malaman jami'a suna da "tarihihi", kuma ta dace, amma kunnen mai sauraron rediyo ya fi sabawa da hikaya. Sunan ƙasar da na matan nake nema. Bismillah.

Laraba da hantsi

Na gode ƙwarai, shawarwari sun shigo da yawa. Akasari "jarumai mata", "mayaƙa mata", "dakarun mata", wata 'yar uwa daga Azare ta ce "gwarazan mata". Duk Hausa ce mai kyau, kuma zan yi amfani da "dakarun mata", amma a wani muhallin daban. Ita ce daidai da rundunar matan Dahomi, a Jamhuriyar Benin ta yau. Waɗannan tarihi ne tabbatacce. Sarki Gezo, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ya ƙarfafa su, sun kai wa Abekuta hari a 1851 da 1864, sun gwabza da Faransawa a 1890 da 1892. Mutanensu na kiran su Agojie, ko Mino, wato iyayenmu mata. Turawa ne suka laƙaba musu Amazon. Sai dai namiji ne sarkinsu, cikin matansa ma ake lissafa su, ƙasarsu kuma cike take da maza.

Haka abin yake da matan da wataƙila Girkawa suka gani da ido. Masu haƙar kayan tarihi sun sha tono kaburburan mata da aka binne da kibau da masu a filayen kudancin Rasha da Yukren. Makiyaya ne, suna hawan doki tare da mazansu da 'yan uwansu maza. Labari ne ya zo ya share mazan ya bar matan su kaɗai. Wannan sharewar ita nake nema wa suna, "dakarun mata" kuwa ba ta nuna ta.

Wani malamina ya tuna mini kirarin "mace mai kamar maza". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, Girkawa ma da irin wannan kirarin suke yi musu, masu daidai da maza. Amma namiji ne ma'auni a cikinsa. "Kallabi tsakanin rawuna" ma ba ta shiga, tunda a wannan ƙasar babu rawani ko ɗaya.

Sai wani ɗan uwa daga Misau, da kyakkyawar niyya, ya ce a sauƙaƙa: "garin mata masu zaman kansu". A nan na ajiye biro.

In ka bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, babu fassarar da ta kai wannan dacewa. Mata ne, zaman kansu suke yi, ba wanda ke iko da su. Amma kowa a nan ya san abin da Bahaushe ke nufi da "mata masu zaman kansu". Na gwada "gidan mata", ita ma ramin guda ta faɗa. Na koma ga Magajiya, sarautar da matan da suka mulki Daura suka riƙe tun kafin Bayajida, sarauta mai daraja wadda har yau tana nan a wasu masarautu. Ku gaya mini abin da zai fara zuwa ran matashin Bauchi in ya ji an ce "gidan Magajiya". Wannan abu ya dame ni sosai. Duk sanda harshenmu ya so ambaton macen da ba ta ƙarƙashin uba ko miji, sai kalmar ta zame ta koma zagi.

Da na natsu sai na ga ai tunanin da ya lalata waɗannan kalmomi shi ne ya haifi hikayoyin. Namiji in ya ji labarin garin da babu maza, abu biyu ke fara zuwa masa: da wa suke kwana, kuma me za su yi mini in na shiga. Shi ya kawo bayin dare a labarin Alƙazwini da dutsen duhu a na Strabo. Ku dubi abin da labarin baka ya yi wa Amina ta Zazzau. Tarihin Kano ya ambace ta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta, ganuwoyi na ɗauke da sunanta. Amma labarin da ya fi yawo a majalisa shi ne wai duk garin da ta ci sai ta kwana da namiji, gari na wayewa a kashe shi. Sha'awa da tsoro a ƙwarya ɗaya, kamar yadda suke a labarin Strabo da na Alƙazwini.

Akwai kuma maganar haihuwa, wadda kusan kowace hikaya ke kewayawa a kanta. Wani shahararren labarin ƙasar Sin na ƙarni na 16 ya kai wani malamin addinin Buddha ƙasar mata, inda ruwan wani kogi ke sa ciki. Shi da abokin tafiyarsa suka sha ba su sani ba, cikinsu ya kumbura, suka shiga neman makari ido rufe. Karen Horney, likitar halayyar ɗan Adam 'yar Jamus, ta yi bayani a 1926 cewa maza suna da wani kishi ɓoyayye game da ciki da haihuwa da shayarwa, abin da ba za su taɓa iyawa ba. Ban ce maganarta ta game kowa ba. Amma na tuna ranar da aka haifi 'yata ta fari, ina tsaye a waje, ungozoma da Goggo da maƙwabta suna shiga suna fita, ba mai ko kallona. Bayan suna aka tafi da ita da uwarta wankan gida. Abu mafi girma a rayuwata ya faru, ban da aikin yi a cikinsa sai sayen itace da rago. Na fahimci yadda zuciya za ta iya tambaya: in dai haka ne, ranar da suka ga dama ba za su iya ba tare da mu ba?

Shi ya sa, a ganina, ba a barin hikayar ta ƙare matan suna kan mulki. Girkawa sai sun kawo gwarzon da zai karya su. Kikuyu na Kenya suna cewa da can mata ke mulki, sai maza suka haɗa baki suka yi musu ciki lokaci guda, da cikin ya yi nauyi suka ƙwace sarauta. Mutanen Selk'nam na ƙarshen Kudancin Amurka suna cewa mata ne suka fara mallakar bukkar asiri suna tsorata maza da dodanni, da maza suka gano sai suka kashe su suka bar ƙananan yara mata. Joan Bamberger, masaniyar al'adu, ta rubuta a 1974 cewa aikin irin waɗannan labarai shi ne su nuna mata sun taɓa riƙewa sun kasa, don haka yadda ake yanzu shi ne daidai. Daura ba ƙasar mata zalla ba ce, kuma ina girmama tarihinta, amma ku lura da inda labarin ya juya: baƙo ya zo ya kashe macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, daga nan sarauta ta koma hannun maza.

Laraba da dare

Ina ganin na samu, kuma a ƙofar gidanmu na same ta.

A unguwar Jahun na tashi. A jikin soron gidanmu, da na maƙwabta da dama, akwai rubutu da shuɗin fenti: BA SHIGA. Ina ƙarami rubutun bai shafe ni ba. Ni ake aike. Na shiga gidan mai ƙuli-ƙuli, na shiga gidan mai kitso in kira ta, na kai zubin adashin Inna gida-gida. Na san duniyar nan ciki da bai: lugude a turmi, ƙamshin man gyaɗa ana matsa, wata ta miƙe ƙafa an ɗaure mata lalle, ana hira ana shewa, kuɗi na fita daga bakin zane suna shiga wani. Ba namiji ko ɗaya, kuma ba abin da ya tsaya.

Wata rana, ina wajen shekara 12, na kutsa gidan mai ƙuli-ƙuli kamar kullum. Matar da ta sha goya ni ta jawo mayafi ta rufe kafaɗarta, ta ce, "Kai, ka girma fa. Daga yau ka tsaya a soro ka yi sallama." Ba da faɗa ta faɗa ba. Na fito riƙe da kuɗin aiken, na tsaya ina kallon rubutun nan kamar ranar aka yi shi. Tun daga ranar, gidajen da na sani ɗaki-ɗaki suka koma sauti: ƙarar taɓarya, guɗa, dariyar da ban san dalilinta ba. A dakalin ƙofar gida kuwa, samarin da suka riga ni fitowa suna ta ba da labarin abin da wai mata ke yi in ba maza. Rabin labarin ƙarya ne, kuma har da ni aka riƙa ƙarawa daga baya.

Yaron Marco Polo ke nan, wanda aka sa a jirgi aka aika tsibirin maza. Kowane namiji daga ƙasar mata ya fito, cikin uwa, bayan uwa, ɗakin uwa, kuma kowanne akwai ranar da aka ce masa ya isa haka. Abin da ya sani ya rasa, ya kuma kasa komawa, shi yake mayarwa tsibiri a bangon duniya.

Don haka ga shawarata: Birnin Ba-shiga. Hikayar Birnin Ba-shiga, jam'i biranen ba-shiga. Na zaɓi "birni" a kan "gari" ko "ƙasa" saboda birni da ganuwa yake tafe. Ɗan Bauchi da ya san Ƙofar Wunti da Ƙofar Ran ya san birni wuri ne da ake iya rufewa. "Ba shiga" kuma duk Bahaushe ya san wa ake hanawa. Me kuka gani?

Alhamis da safe

Masu cewa ta yi kama da allon kan titi, na ji ku. Na gwada ta a kan Goggo bayan sallar asuba. Na ce, "Goggo, kin taɓa jin labarin Birnin Ba-shiga?" Ta ce, "A'a. To su mazan ina suka tafi?" Ban ce mata komai game da maza ba. Wannan ya ishe ni shaida. Ɗan uwa na Gombe da ya ce in za a yi na Fulfulde a ce "wuro rewɓe", na gode, na miƙa wa masu sashen.

Gyaran da ya fi shiga jikina daga Adda ya zo, babbar yayarmu, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a firamare. Ba ta rubuta a nan ba, waya ta yi mini.

Ta ce, "Auta, wa ya rubuta ba shiga a soron nan? Inna ce?"

Na ce, "A'a Adda, Baba ne ya sa aka rubuta."

Ta ce, "To ka gani. Daga waje kuka raɗa mana suna. Mu da ke ciki ba mu taɓa ce masa ba shiga ba. Gida muke ce masa."

Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Kuma gaskiyar tata ita ta ƙara tabbatar mini da kalmar. Herodotus, Strabo, Aɗɗurɗushi, Marco Polo, Carvajal, duk maza ne, duk a soro suke tsaye, ba wanda ya zauna a birnin da yake ba da labari. Hikayar daga waje aka yi ta, ya dace sunanta ya nuna haka. Na gaya wa Adda wannan, ta ce ta yarda, da sharaɗin kada in shafa sunan a kan abin da mata suka gina ko suka rubuta da kansu.

Sharaɗin nata yana da tushe. A 1905 wata Musulma 'yar Bengal, Rokeya Sakhawat Hossain, wadda ta tashi cikin kulle, ta rubuta gajeren labarin ƙasar da maza ne ke kulle mata na tafiyar da mulki. Abin da ya cika labarin nata lambuna ne, da jami'o'in mata, da girki da zafin rana. Ba bawan dare, ba kashe jariri. A 1990 wasu matan Samburu a arewacin Kenya, waɗanda suka gudo daga duka da fyaɗe da auren dole, suka kafa ƙauyen Umoja inda namiji ba ya zama. Mafaka suka nema. Adda ta ƙara mini da namu na gida, 'Yan Taru na Nana Asma'u, inda jaji ke jagorantar mata daga ƙauyuka su je ɗaukar karatu su dawo su koyar da 'yan uwansu. Ta ce in ina neman abin da mata ke yi in sun keɓe, in fara da nan.

Ga inda na tsaya, kuma haka zan faɗa a shirin. Matan hikayar Girkawa, tunda suna ne na wasu mutane, a ba su siffar Hausa: Ba'amazoniya, Amazonawa. Na Dahomi a kira su da sunansu, Agojie, a bayyana su da dakarun mata. Hikayar da maza ke yi ta ƙasar da babu su, ko daga wace al'umma ta fito, Birnin Ba-shiga. Abin da mata suka tsara da hannunsu, a takarda ko a ƙasa, Birnin Mata, wadda ta yi daidai da Madinatun Nisa'i ta Larabci, sai dai a wannan karon su ke riƙe da sunan.

Saura guda da ban warware ba: mace ɗaya daga cikin mutanen Birnin Ba-shiga. Na gwada "'yar Ba-shiga", Adda ta ce duk wanda ya ji zai ɗauka matar kulle ake nufi, kuma haka ne. Ranar Asabar da la'asar za mu naɗi shirin. Wanda ke da abin da ya fi wannan, musamman iyayenmu da yayyenmu mata, ina saurare kafin lokacin.